Rubutun Kaka da Ya Tafi Cikin Ƙosan Sadaka

Wanda ya fara yi mini gaisuwar Kaka ba danginmu ba ne, wani direban babbar mota ne. Muna dawowa daga maƙabarta, ƙafafunmu duk ƙasa, sai ga shi ya tsaya bakin kwalta daidai inda take suya, ya leƙo yana tambaya ina tsohuwa mai jarida, yau bai hango hayaƙinta ba. Wani cikinmu ya gaya mashi. Ya kashe mota ya sauko, ya tuɓe takalmi ya tsuguna gaban duwatsun murhunta ya yi mata addu'a, sannan ya koma ya ɗauko wani ƙunshin tsoffin jaridu ɗaure da igiya ya miƙo mini. Ya ce tun daga Kabi ya riƙo mata su, ita ta ce ya samo mata na Hausa, masu labari. Na karɓa, na rasa inda zan aje su.

Na Allah muke, wurinShi za mu koma. Kaka, uwar babana, ta cika ranar wata Talata da hantsi a Kore Mairuwa, bayan kwana tara tana kwance.

Cikin gida kowa da abin da yake ma kuka. Wata maƙwabciya tana cewa yanzu wa zai duba mata takardar likita ya gaya mata ƙwaya nawa za ta sha. Wata ta ce duk wasiƙun da ta aika ma ɗanta can kurmi, kafin salula ta zo, hannun Kaka ne. Tsohon da ke bayan gidanmu, wanda ya yi zamani da amalanken jaki, ya zauna bakin zaure yana ta girgiza kai, wai shi bai yarda ba, tsohuwar nan ba ta tashi daga wuri sai ta kai ƙarshen takarda. Baba ƙarami, ƙanen babana mai shago a Dutsi, yana zagayawa yana roƙon mata su rage murya, kuka da ƙarfi ba ya amfanin mamaci, shi kanshi idanunshi jawur. Gwaggo kaɗai, ɗiyar Kaka ta fari, ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Tana tsaye bakin madafa tana raba ma baƙi abinci, tana faɗan wanda ya bar buta ba ruwa. Har na ji wasu mata na raɗa, wai zuciyarta dutse ce.

Ni abin da ya zaunar da ni rubuta wanga ba don in ce Kaka mutuniyar kirki ce ba, wannan kowa ya faɗa. Kaka ta bar rubutu. Rubutun hannunta, na shekara da shekaru, cike da wata babbar kwalla mai murfi. Kuma mu 'yan gidanta, da hannunmu munka watsar da shi cikin wuni guda. Ina so in faɗi yadda anka yi, har da nawa laifin. Amma sai kun san ta tukuna.

Kaka ba ta taɓa taka lakwal, makarantar boko, ba. Tana goyon Baba ƙarami anka buɗe karatun manya a garin, na magidanta maza, cikin wata rumfar zana bayan kasuwa, kullum bayan la'asar. Da ta ga maza sun taru wuri guda da yunwar marece, sai ta ɗauki kaskonta ta kafa murhu jikin zanar. Ciniki ya kai ta, ba karatu ba. To zanar akwai wata ɓula daidai tsayin mai zaune, ta nan take hango allon mushe, wato malamin da ke koya musu. In ya ce su maimaita, ita ma ta maimaita a ranta. In ya zana baƙi, ta zana shi cikin toka da tsinken ƙosai, ta shafe da ƙafa kafin wani ya gani.

Wata rana mushe ya rubuta kalma ya ce wa zai karanta. Maza wajen ashirin sunka yi tsit, har da kakana, maigidanta. Sai anka ji murya daga bayan zana: "Rumbu anka rubuta. Ku faɗi ku fito, ƙosai na hucewa."

Ta ce mini dariyar da anka yi ran nan, rumfar kanta sai da ta motsa. Kakana ya koma gida ya ƙi cin tuwonta kwana uku, kuma bai sake taka wurin karatun ba har ya mutu. Mushe ya nemi a bar ta ta shigo ciki, anka ce ina, mace cikin maza. Bai yi gardama ba. Washegari dai ta lura ya ɗan karkato allon wajen ɓular, kuma in zai yi bayani sai ya ɗaga murya. Ba su taɓa yin maganar ba, ita da shi. Amma kullum in an tashi yana iske ƙosai biyar a naɗe bisa sirdin kekenshi.

Kakana kuwa daga baya ya huce ta hanyarshi. In ta samu takarda mai labarin duniya sai ya kira ta ɗaki ya sa ta karanta mashi, ya fita majalisa ya baje shi kamar shi ya gano. Kaka ba ta taɓa tona shi ba. "Ya ci tuwona, ya ci karatuna," in ji ta, "duk cikin sadakinshi ne."

Littafi kuwa, ina za ta same shi a lokacin? Sai takardun naɗe ƙosai. Kaka ba ta yarda da leda ba har ta mutu. Ta ce ƙosai cikin leda zufa yake, ya yi laushi kamar an tauna, ga shi akuya ta haɗiye ledar ta kumbura. Takarda take nema: tsoffin jaridu, kaye, wato littattafan rubutun 'yan lakwal da sunka cika, takardun jarrabawa, littafin da gara ta ci rabi. Ta ɓalle su shafi-shafi ta jera cikin kwando. Wadda ta ga rubutun Larabci ciki ta ware ta soke ta jikin rufin ɗaki. Sauran kuwa dokarta guda ce: takardar da ba ta karanta ba, ba ta barin hannunta. Na sha ganin mutum tsaye yana jira, ƙosai na ɗigar mai cikin matsami, ita ta kafa ido ga takarda leɓenta na motsi. Wani fasinja ya taɓa ce mata, "Inna, motarmu za ta tashi." Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Wanga bawan Allah ma cikin rijiya yake. Bari in ga ko ya fito."

Bai fito ba, shafin ya ƙare. Wannan shi ne ciwon karatun Kaka, duk guntaye ne, ba kai ba gindi. Mutumen rijiyar nan ya dame ta har sati guda. Rannan ta tsinci guntun kireyo, fensir ke nan, da wani ɗan lakwal ya yar, ta juya bayan wata takardar jarrabawa inda ba rubutu, ta fiddo shi da kanta. Ta sa wata Bafillatana mai tallan nono ta ji nishinshi, ta aje ƙwarya ta zura mashi igiyar guga. Ta ce mini da ta gama ji ta yi kamar ta sauke tulu. Daga nan rubutu ya kama ta. Da fari labaran mutane take ƙarasawa, daga baya ta ga ashe ita ma tana da nata.

Sau ɗaya wani direba ya kawo mata littafin labari cikakke, da bangonshi, da farko da ƙarshe. Jama'a, kun ga yadda ake riƙon jariri ranar suna? Haka ta riƙe shi. Shafi ɗaya take ci a rana don kar ya ƙare, da ta kai na ƙarshe ta rufe ta ƙi karantawa har wata guda. Da ta karanta kuma sai ta taɓe baki, wai wanda ta shirya a ranta ya fi.

Ni na shigo lamarin ne ta ƙofar kunya. Babana ya rasu ina ƙarami, hannun Kaka na tashi. Shekarata ta biyu a koleji anka kore ni, mwayen ɗina, makin jarrabawa, bai kai ba. Na dawo na zauna gindin murhunta ina hura hanci, na rantse ni da takarda har abada. Ba ta ba ni haƙuri ba. Ta jefo mini wani shafi na Faransanci ta ce, "Mijina, tunda sun sako mini kai, sai ka ci da guminka. Mi wagga ta ce?" Ita tana iya haɗa baƙaƙen ta furta, amma ba ta jin ma'ana, kuma abin na ci mata rai, ta ce kamar ka wuce tukunya rufe tana ƙamshi.

Lissafi ne, irin na famfo biyu na zuba cikin randa guda, randar kuma tana yoyo, a faɗi yaushe za ta cika. Da na fassara mata ta aje matsami ta ce wane irin gida ne wannan da ake barin ruwa na tsiyaya ana tsaye ana ƙidaya, ba mace a gidan? Munka yi dariya har mai saye ya gaji ya tafi. To bon, daga ran nan kullum sai na fassara mata, ita kuma ta koya mini rubuta Hausa, abin da shekara takwas a lakwal ba wanda ya nuna mini. In na yi sauri ta buge mini hannu da tsinke, ta ce karatu ba tseren babur ba ne, wanda ya rubuta ya sha wuya, a tauna mashi.

Amma ba kowa karatun Kaka ya yi ma daɗi ba, kuma ƙarya ne in ɓoye. Gwaggo ita ta ɗauki nauyinshi. Tun tana 'yar shekara tara ita ke surfa wake, ta wanke, ta kai niƙa, ta goyi ƙannenta, uwar na can ta duƙufa ga takarda. Wata rana Kaka ta shagala, mai ya yi zafi har ya kama wuta, Gwaggo ta kai hannu ta janye kaskon ya zubo mata. Tabon na nan har yau, daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Tun ran nan ta tsani takarda. Kaka ta yi ta yi ta koya mata, ta ce ba ta so. In ranta ya ɓaci takan ce kowa da uwarshi guda, ita kuwa da jarida anka raba musu.

Ga kuma kunyar ɗan fari. Ku na manyan birane wataƙila ta rage wurinku, amma Kaka ta riƙe ta yadda ta gada. Ba ta taɓa kiran sunan Gwaggo ba, ko sau ɗaya. "Ke" ce, ko "waccan". Ba ta yaba mata gaban mutane, ba ta haɗa ido da ita, ko ranar da Gwaggo ta haihu bakin ƙofa ta tsaya ta tambayi ungozoma ta juya. Kowa ya san al'ada ce, Gwaggo ma ta sani. Amma sanin ba ya hana ji. Da mijin Gwaggo ya rasu ta dawo gida, sunka shekara goma sha cikin gida guda, ita ke buga mata ƙullu, ita ke cuɗa mata baya da tsufa ya zo, maganarsu ba ta wuce ta gishiri da itace.

Da idon Kaka ya fara ja baya, ta sa na raka ta wurin mai tabarau ranar kasuwa. Ta zauna bisa tabarmarshi tana gwada su ɗaya bayan ɗaya da wani shafi da ta zo da shi, har ta karance shi gaba da baya, mutumen ya ce ko dai Inna ta zo zama ne. Daga nan rubutunta ya yi ta girma, baƙi ɗaya kamar ƙwayar wake, layi kaɗan shafi ya cika, magana guda sai ta ci shafi huɗu ko biyar. Tana yi ne can bakin kwalta da hantsi, in cinikin safe ya lafa, a bayan takardun jarrabawa don su ne masu farin baya. In ta dawo gida ta sa su cikin wata tsohuwar kwalla mai murfi ƙarƙashin gadonta. Gwaggo ta ɗauka wasiƙun mutane take rubutawa kamar da. Ni kaɗai na san abin da ke ciki, don in na zo daga Dutsi, inda nike gyaran salula yanzu, takan zaro ɗaya ta karanta mini ta mayar. Ba ta bari in taɓa.

Me ke ciki? Wallahi komai. Yadda ake gane waken da zai tashi tun yana cikin kwano. Shekarar yunwar da sunka ci anza. Waƙoƙin da uwarta ke yi ma doguwa, aljanar tsamiyar bakin tabki, waɗanda yanzu ba mai yarda ya ce ya sani. Direbobin da ke sayen ƙosanta waɗanda hanya ta cinye, kowa da irin yajin da yake so. Har da wasiƙu zuwa ga kakana bayan ya mutu, tana ba shi labarin duniya, wai don ya samu na faɗi a majalisar can.

Kwana biyu kafin ta cika, ta kama hannuna ta ce, "Kwallar nan taka ce. Ka ɗauke ta." Na ce to. Ban ɗauka ba. Ta yaya zan fito daga ɗakin mara lafiya rungume da kwalla, ga mutane cike da tsakar gida? Bayan ta rasu kuma abin ya ƙara nauyi. Kun san yadda muke, ba a taɓa ko tsinken mamaci sai an zauna rabo. Jika ya shiga ɗaki ya fito da kaya tun ƙasar kabari ba ta bushe ba, da wane ido zai dubi dangi? Na ce a raina bari a yi bakwai, in samu Baba ƙarami a tsanake. Gwaggo kuwa ban ko yi tunanin gaya mata ba, na san maganar takarda ba ta so. Wagga kunya tawa ita ce laifina.

Ranar huɗu gardama ta tashi. Baba ƙarami ya ce ba za a yi sadakar bakwai ba, ba ta da asali a addini, wanda ke son uwarshi ya yi mata addu'a bayan kowace salla. Gwaggo ta bar shi ya gama, sannan ta tuna mashi ita ta goye shi. Ta ce uwarta ta shekara hamsin tana ciyar da garin nan, ba za ta tafi ba hayaƙi ba. Kuma ba masa za a yi ba kamar yadda anka saba, ƙosai za a yi cikin kaskon Inna, a naɗe shi a takarda yadda Inna ke so, kar ta ga leda ko ɗaya. Ya bar ta. Shi bai zauna addu'ar ba, amma buhun waken shi ya aiko da shi.

Ranar bakwai tun da safe mata ke suya. Jama'a ta wuce yadda anka zata, dangi daga Sukukutane da Ɗan Kassari, 'yan kasuwa, mutanen tasha. Takardun kwando sunka ƙare kafin hantsi. Gwaggo ta shiga ɗaki neman ƙari, ta jawo kwalla ta buɗe, ta ga takardun jarrabawa jere tsaf, irin waɗanda ta buɗe ido ta ga uwarta na naɗe ƙosai da su. Ta fito da ita ta ce ma matan, kun gani, Inna har tanadin sadakarta ta yi.

Ni ina waje cikin maza. Anka shafa fatiha, anka fito da farantai. Na karɓi nawa ƙunshin, na ci biyu, na buɗe takardar sosai don in dangwali yaji. Ƙarƙashin yajin na ga hannun Kaka, manyan baƙaƙen nan nata masu jingina da juna. Na ɗaga kai. Maza cike da ƙofar gida, kowa da ƙunshi a hannu. Wasu sun goge yatsu sun dunƙule sun yar, wasu sun sa aljihu su kai ma iyali, an aika farantai unguwa-unguwa, motar Ɗan Kassari ta riga ta tashi.

Ban san sadda na shiga cikin gida ba. Kwalla na gefen murhu, saura shafi shida a gindinta. Na ce, "Gwaggo, rubutun Kaka ne." Ta ce ta sani, takardunta ne mana. Na ce ba waɗanda take karantawa ba, waɗanda ta rubuta da hannunta, daga ranta. Ta dubi kwalla, ta dubi hannunta duk mai.

Ta ce, "Maganarta ce a ciki?"

Na ce e. Sai ta zauna nan inda take, cikin toka. Kukan da ba ta yi ba kwana bakwai, ran nan ya zo, har matan sunka rasa mai riƙe ta.

Na bi ƙofar gida da lungu ina tsinta. Awaki sun riga ni da yawa, wasu kuma an hura wuta da su. Ga abin da mai ke yi ma takarda: ya mayar da ita kamar gilashi, rubutun ɗan lakwal na gaba ya keto ya hau bisa kireyon Kaka, ga jan bik, alƙalamin mushen da ya duba jarrabawar, sai ka ɗaga ta ga rana ka yi ta juyawa kafin ka raba su. Ko salula ba ta ɗaukar shi, na gwada.

Na zaci Baba ƙarami zai ce ga abin da ya gudar mana. Bai ce ba. Bayan azahar ya miƙe cikin masallacin unguwa ya roƙi duk wanda takardar ƙosan sadaka ke hannunshi ya maido, ko ta yage, amanar uwarshi ce. Na ga ya kamata in gaya mashi gaskiya, na ce akwai waƙoƙin doguwa ciki. Ya ce wannan tsakaninta da Ubangijinta ne, shi hannun uwarshi yake nema. Ya miƙo mini makullin babur ɗinshi.

Kwana huɗu ina zagaye. Wani ya tambaye ni ko ƙosan ma ya amayo mini. Wata mata ta zaro tata daga jikin zana, ta ce ta ga kamar da sunan Allah ciki, shi ya sa ba ta yar ba. Tsohon nan mai amalanke ya ce tashi na nan, amma ba ya ba ni. Jikarshi ta karanta mashi, ashe Kaka ta rubuta ranar da ya ɗauko kakana daga gona ba lafiya, cikin ruwan sama, ya tuɓe rigarshi ya rufa mashi. Ya ce shi kanshi ya manta da ranar. "Sadaka anka ba ni," in ji shi, "ba a karɓe sadaka. Zauna ka kwafa." Na zauna na kwafa, yana tsaye kaina yana gadi.

Duka-duka shafi arba'in da ɗaya na haɗa, wasu rabi, daga kwallar da ta cika har murfinta ba ya zama. Wuri uku kaɗai na samu biyu na bin juna. Na yi tunanin in cike giɓin da kaina, na ɗauki bik na aje. Ban isa ba.

Gwaggo ba ta ce ma kowa komai ba. Da gari ya waye rana ta biyar ta yafa gyale ta hau motar kasuwa zuwa Sukukutane, inda dangin uwar Kaka suke, ta kwana biyu tana bin gidaje. Ta dawo bayan la'asar, ƙafafunta duk rairayi, ta iske ni ɗakin Kaka ina jera shafuka bisa tabarma. Ta kwance bakin zanenta ta fiddo takardu uku ninke kamar laya. Ba ta san wane gefe ne na uwarta ba, da gefen jarrabawa sama ta miƙo mini su. Ta zauna ƙasa kusa da ni ta ce in karanta.

Ta farko mai ya cinye ta duka. Ta biyu maganar anza ce, yadda ake jiƙa ta a sake mata ruwa har ɗacin ya fita. Ta uku na fara a raina, sai na tsaya. Ta tambayi mi ne. Na ce ba komai, na ɗora yatsa na karanta a fili:

"ba ta yi kuka ba, ni kuma na yi mata faɗa don mi ta kai hannu. Ni ya kamata a yi ma faɗan. Har yau in ta miƙo mini fura ba fuskarta nike gudu ba, hannun ne. Ana cewa na haifi maza. Ita ta riƙe gidan ga. Da ana faɗi, da tuni na kira ta na ce"

Nan na tsaya.

Gwaggo ta ce, "Ta ce mi?"

Na juya takardar, lissafin wani ɗan lakwal ne. Na gaya mata sauran maganar na ga shafin da ke bi. Ta tambaya ko yana cikin waɗanda na samo. Na ce a'a. Ta gyaɗa kai, ta ce ke nan ita ta naɗe shi da hannunta, ba ta ma san wa ta miƙa ma ba. Wallahi na so in yi mata ƙarya, in ƙarasa da abin da na san zai sanyaya mata rai. Amma ta fi ni sanin bakin uwarta, da ta gane.

Ta daɗe tana murza tabon hannunta tana kallon takardar. Can ta ce ita ba ta san karatu ba, amma tana da ido, yatsana bai kai ƙarshe ba, ga wani abu nan gabanshi ban faɗa ba. Na ce haka ne. Na ce sunanta ne, Kaka ta rubuta shi cikakke, da shi shafin ya ƙare, ni kuma ba ni iya kama sunan Gwaggo gatsal a gabanta.

Ta ce, "Nuna mini."

Na kama yatsanta na ɗora a wurin. Ta bar shi nan har na fara jin kiran magariba daga nesa. Sannan ta ce in koma baya in sake karanta layin, kar in tsallake komai, yadda Inna ta rubuta.

Na koma baya na karanta. Da na kai ƙarshe na faɗi sunan.

Gwaggo ta ce, "Na'am, Inna."

Allah Ya yalwata ma Kaka makwanci, Ya yafe mata, Ya yafe mana, Ya kai mata wagga amsa.